Shirin Sayar da Masara Yana Farawa Tun Kafin Shuka

Akwai wani abu da yake faruwa a gidajenmu kowace shekara, mun saba da shi har mun daina tambaya a kansa. A watan Nuwamba da Disamba, sa'ad da masara ta cika kasuwa, mukan kai buhunanmu mu sayar da araha, gama Kirsimeti ta matso, ga kuɗin makarantar yara a Janairu, ga kuma wanda ya ba mu bashin taki yana jira. Zuwa Yuli ko Agusta rumbu ya ƙare, sai mu koma kasuwar nan mu auno masara a mudu da tsada. Wani lokaci ma masararmu ce muke sake saye daga hannun wanda ya ajiye ta.

Manomin ƙasar Birnin Gwari ya iya noma, kowa ya shaida wannan. Inda muke faɗuwa shi ne wajen sayarwa. Manyan kamfanoni ba sa fara yin kaya sai sun zauna sun amsa tambayoyi biyar. Wa zai saya? Wane irin kaya yake so? Nawa kayan zai ci mana? Yaushe za mu sayar, a ina kuma? Idan abin da muka shirya ya ɓaci, me za mu yi? Amsar waɗannan tambayoyi ita ce ake kira tsarin kasuwanci. Gona ma sana'a ce, tana bukatar irin wannan zama. Hausawa sun ce tun ran gini ran zane. Bari mu duba yadda iyali ko ƙungiyar manoma a ƙauye za su yi nasu tsarin.

Abin da shekarun nan suka koya mana

Ƙasarmu tana da albarkar noma, amma tana kewaye da daji. Dajin Kamuku, wanda aka keɓe tun 1936 aka kuma mai da shi gandun daji na ƙasa a 1999, yana nan kusa da mu, ga kuma dajin Kuyambana. Manyan hanyoyin da kayanmu suke bi su fita kaɗan ne: wadda ta bi ta Udawa da Buruku zuwa Kaduna, wadda ta nufi Funtuwa a Jihar Katsina, da wadda ta gangara Tegina a Jihar Neja. Sa'ad da 'yan bindiga suka kafa sansani a dazuzzukan nan, hanyoyin suka zama abin tsoro. A wasu ƙauyuka sai da manoma suka biya haraji ga 'yan bindiga kafin a bar su su girbe gonakinsu.

A shekarar 2021, daidai lokacin da amfanin gona yake nuna, gwamnatin Jihar Kaduna ta dakatar da kasuwannin mako-mako a ƙananan hukumomin Birnin Gwari, Chikun, Giwa, Igabi da Kajuru, domin a toshe wa 'yan bindiga hanyar samun abinci da mai. A ƙarshen Satumba aka yanke layukan waya a wasu sassan jihar, ba a maido da su ba sai ƙarshen Nuwamba. Manomin da ya dogara ga kasuwa ɗaya ya wayi gari da hatsi a hannu, babu inda zai kai, babu kuma wayar da zai kira mai saye.

A farkon 2023 aka shiga wahalar takardar kuɗi saboda canjin naira. Wanda ba shi da asusun banki ya sayar da kaya a kan duk abin da mai tsabar kuɗi ya taya. A ranar 29 ga Mayu na shekarar aka cire tallafin man fetur, kuɗin mota ya tashi. A watan Yuli 2024 gwamnatin tarayya ta ba da sanarwar ɗage harajin shigo da masara da wasu kayan abinci na kwana 150. Zuwa 2025 farashin masara ya faɗi ƙwarai, alhali taki yana nan da tsadarsa, waɗanda suka ajiye hatsi suna jiran tsada da yawa suka yi hasara. Akwai kuma labari mai daɗi. A watan Nuwamba 2024, bayan sulhun da aka yi, Gwamna Uba Sani ya sake buɗe kasuwar kara ta Birnin Gwari, wadda ta yi kimanin shekara 10 a rufe, motoci kuma suka ƙara samun sukunin bin hanya.

Cikin shekara biyar ke nan mun ga kasuwa ta rufu, waya ta ɗauke, kuɗi ya ɓace, farashi ya hau ya kuma sauka. Babu manomin da yake da iko a kan ko ɗaya daga cikin waɗannan. Abin da yake hannunmu shi ne shirin da muka yi kafin su zo.

Wa zai saya, me kuma yake so?

Masu sayen masara iri iri ne, bukatarsu ba ɗaya ba ce. Mai awo a kasuwar ƙauye yana sayen kowace irin masara, yana biya nan take, amma farashinsa ne mafi ƙanƙanta. Dillali da 'yan sari suna tara buhuna su kai manyan kasuwanni irin ta Dawanau a Kano. Su abin da ya dame su shi ne cikar buhu da yawan kaya. Masu yin abincin kaji suna sayen masara da waken soya da yawa. Kamfanin Olam, alal misali, ya buɗe babbar masana'antar abincin kaji a ƙaramar hukumar Chikun a 2017. Irin waɗannan masu saye suna auna kaya a sikeli, suna gwada danshinsa, suna duba tsabtarsa. Akwai kuma makarantun kwana, masu injin niƙa da masu kiwon kaji a cikin gari, waɗanda suke bukatar buhu kaɗan kaɗan a kai a kai.

Ya kamata mu zaɓi wanda za mu noma wa tun a Fabrairu ko Maris. Bari ƙungiya ta aiki mutum biyu su je su tambaya: Fara kuke so ko ja? Buhu nawa ne mafi ƙanƙanta da kuke karɓa? A sikeli kuke saye ko a buhu? Nan take kuke biya ko bayan kwanaki? Ku za ku zo ku ɗauka ko mu za mu kawo? Amsar da suka kawo ita za ta nuna mana irin da za mu shuka. Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru a Zariya ta fitar da ire-iren masara masu suna SAMMAZ, wasu farare, wasu ja, wasu masu nuna da wuri. Malamin gona zai taimake mu mu zaɓi wanda ya dace da ƙasarmu da kuma mai sayenmu.

Nawa buhu ɗaya ya ci mana?

Da yawa a cikinmu ba mu san amsar wannan tambaya ba, shi ya sa ba mu iya ciniki. Wanda bai san abin da ya kashe ba, ba zai san ko ya ci riba ba. Littafin rubutu ɗaya irin na 'yan makaranta ya isa. A rubuta kowane kuɗi a ranar da aka kashe shi. Idan maigida ko uwargida ba su iya rubutu ba, yaron da yake makaranta zai iya riƙe littafin.

Ga misali, da lambobin da muka ɗauka domin koyarwa kawai. A ce iri ya ci N30,000, taki N250,000, maganin ciyawa N50,000, huɗa da noma N120,000, girbi da casa N70,000, buhuna da dako N40,000. A ƙara N40,000 domin aikin da mutanen gida suka yi, gama ƙarfinsu ba kyauta ba ne. Duka ya kama N600,000. Idan gonar ta ba da buhu 20, kowane buhu ya ci N30,000 ke nan. Wanda ya sayar a kan N28,000 zai dawo gida da kuɗi cike da aljihu, amma ya yi hasarar N40,000 bai sani ba.

Haka kuma za mu lissafta kafin mu ɗauki kaya zuwa wata kasuwa. A ce buhu a Kaduna ya fi na gida tsada da N4,000. Idan kuɗin mota, da lodi da saukewa, da la'adar dillali, da harajin kasuwa, da kuɗin motar mai rakiya da abincinsa suka kai N4,500 a kan kowane buhu, sayarwa a gida ta fi, ba a ma yi zancen hatsarin hanya ba.

Kaya mai kyau shi ne tallanmu

Ba mu da kuɗin talla a rediyo. Abin da zai sa mai saye ya dawo wurinmu baɗi shi ne abin da ya tarar sa'ad da ya kwance buhu. Idan muka sa mai kyau a sama, ƙaiƙayi da tsakuwa a ƙasa, mun ci riba sau ɗaya, mun ɓata sunan ƙauyen gaba ɗaya.

A shanya masara a kan tamfol ko daɓe, kada a zuba ta a ƙasa. Masarar da ba ta bushe sosai ba takan yi fumfuna, wani irin fumfuna kuwa yana haifar da guba mai suna afalatoksin, wadda take lalata hanta, tana kuma kashe kaji. Manyan masu saye sukan ƙi kayan da yake da ita. Akwai maganin rigakafinta mai suna Aflasafe, wanda cibiyar IITA ta Ibadan ta samar. Ana watsa kilo 10 a hekta ɗaya, mako biyu zuwa uku kafin masara ta yi fure.

Ga hanya mai sauƙi ta gane ko masara ta bushe. A sami busasshiyar kwalba mai murfi, a zuba masara zuwa sulusinta, a ƙara cokali biyu ko uku na gishirin da aka shanya ya bushe sarai. A rufe, a girgiza na minti ɗaya, a bari minti 15, a sake girgizawa. Idan gishirin ya manne a jikin kwalbar, masarar tana da sauran danshi, sai a ƙara shanya ta.

Kada mu zuba maganin feshin gona a cikin hatsin ci. A 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen wake daga Nijeriya saboda yawan maganin ƙwari da aka samu a cikinsa. Abin da wasu kaɗan suka yi ya rufe wa kowa kasuwa. Akwai buhun PICS, wanda Jami'ar Purdue ta Amurka ta fara yaɗawa a Afirka ta Yamma a 2007 domin wake, daga baya aka ga yana yi wa masara ma. Leda biyu ne masu kauri a cikin buhu ɗaya. Ana matse iska, a ɗaure kowace leda dabam, ƙwari kuwa su mutu saboda rashin iska, ba tare da an sa magani ba. A ɗora buhunan a kan katako, nesa da bango, a kiyaye su daga ɓera, gama rami ɗaya ya isa ya ɓata aikin.

Raba amfanin gona kashi uku

Ranar da aka gama casa, kafin buhu ko ɗaya ya fita, bari maigida da uwargida su zauna tare su raba. Kashi na fari abincin gida ne har zuwa sabuwar masara, tare da ɗan ƙari domin baƙi da mabukata. Wannan ba na sayarwa ba ne, komai kyan farashi. Uwargida ce ta fi sanin mudu nawa gidan yake ci a mako, saboda haka lalle a ji ta bakinta. Kashi na biyu shi ne wanda za a sayar a kaka domin bashi, kuɗin makaranta da hidimar ƙarshen shekara. A rubuta bukatun da kuɗinsu tukuna, sa'an nan a fitar da buhunan da za su biya su daidai, ba ƙari. Kashi na uku shi ne na ajiya, wanda za a sayar daga baya a sayi iri da taki.

A yawancin shekaru farashi yakan tashi tsakanin bazara da tsakiyar damina. Amma shekarar 2025 ta nuna mana cewa wannan ba doka ba ce. Domin haka kada mu ci bashi mai ruwa domin mu ajiye hatsi, kada kuma mu jira farashin ƙoli. Tun farko a yanke shawara: idan buhu ya kai kaza, za mu sayar da rabi. Sayarwa kashi kashi ta fi zuba komai a rana ɗaya. Yana da kyau kuma kada masara kaɗai ta zama abin dogaronmu. Waken soya ba ya cin taki kamar masara, masu abincin kaji suna nemansa, mata kuma suna yin awara da daddawa da shi su sami kuɗi kowane mako.

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka

Tirela mai ɗaukar tan 30 tana bukatar buhu 300 na kilo 100. Babban mai saye ba zai aiko mota domin buhu 10 ba. Amma gida 30, kowanne da buhu 10, sun cika mota, suna kuma da bakin yin ciniki. Dokar ƙungiyoyin gama kai ta 1993 ta yarda mutum 10 su yi rajistar ƙungiya. Da takardar rajista ƙungiya za ta iya buɗe asusu a banki da sunanta.

Maƙwabtanmu na Jamhuriyar Nijar suna da wata dabara da Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta taimaka wajen yaɗawa tun ƙarshen shekarun 1990. A kaka manoma sukan tara hatsinsu a sito ɗaya, a sa kwaɗo biyu. Makulli ɗaya yana hannun ƙungiya, ɗaya yana hannun ƙaramin bankin da ya ba su rance a kan wani kaso na darajar hatsin. Da rancen suke biyan bukatun kaka, wasu su yi kiwo ko noman rani. Bayan watanni a buɗe sito, a sayar, a biya rance, abin da ya ragu na manomi ne. Ko ba mu sami banki ba, adashin zumuntar mata ko asusun ƙungiyar manoma zai iya yin irin wannan a ƙaramin mataki, domin gwauruwar da take da buhu uku kada ta sayar da su duka a Nuwamba saboda kuɗin makaranta.

Ƙungiyoyi da yawa sun watse a kan kuɗi, saboda haka a kafa doka tun ana shiri da juna. Kowane buhu a auna shi a gaban mai shi, a rubuta sunansa, a ba shi takarda. Mutum uku su sa hannu kafin kuɗi ya fita. Mai riƙe littafi dabam, ma'aji dabam. A karanta lissafi a gaban membobi bayan kowane ciniki. Ƙofa ta zama a buɗe ga kowane maƙwabci mai gaskiya, Kirista ko Musulmi, gama mota ɗaya ce za ta ɗauki kayanmu, hanya ɗaya kuma za ta bi.

Idan hanya ta rufu

Muna godiya domin sauƙin da aka samu bayan sulhun 2024, muna kuma fata ya dawwama. Duk da haka tsarin da bai tanadi ranar wahala ba bai cika ba. Ga abubuwan da kowace ƙungiya ya kamata ta shirya:

1. Masu saye aƙalla biyu ta fuska dabam dabam, misali ɗaya ta wajen Kaduna, ɗaya ta wajen Funtuwa.
2. Lambobin wayarsu da kwatancen shagonsu a rubuce a littafi, domin waya takan ɓace, layi kuma yakan ɗauke.
3. Kada a tara dukan hatsi a wuri ɗaya. Ƙauyen da yake bakin daji ya kai kashin ajiyarsa cikin gari, wurin amintacce, da yarjejeniya a rubuce.
4. Kuɗin ciniki ya shiga asusun banki. Kada ya kwana a gidan ma'aji.
5. Kada a yi sanarwar ranar ɗaukar kaya ko yawan kuɗi a gaban taro, ko da a majami'a ne. Waɗanda abin ya shafa kaɗai su sani.
6. Ba tafiyar dare. Idan labarin hanya ba shi da daɗi, a fasa. Farashi zai sake dawowa, rai ba ya dawowa.

Yaushe za mu fara?

A Fabrairu da Maris a zauna a rubuta tsari, a aiki masu tambayar kasuwa. A Afrilu da Mayu a sayi iri da taki tare. A Agusta a zaga gonaki a kimanta buhu nawa za a samu, a sanar da masu saye. A kaka a shanya, a gwada, a raba kashi uku. Bayan an sayar da na ajiya a sake zama a tambaya: Me ya yi daidai, me za mu canja? Tsarin gaba ɗaya bai wuce shafi biyu ba. Abin da ake bukata shi ne a rubuta shi, kowa ya ji, kowa kuma ya yarda.

Tambayoyi domin tattaunawa

1. Buhu nawa gidanmu ya sayar a kakar bara, mudu nawa kuma muka saya da damina?
2. Wa a cikinmu ya san abin da buhunsa ɗaya ya ci masa?
3. Sa'ad da aka rufe kasuwanni a 2021, yaya muka yi da kayanmu? Idan haka ta sake faruwa, me za mu yi dabam?
4. Su wane ne a ƙauyenmu dole take sa su sayar da komai a kaka? Yaya ƙungiyarmu za ta taimake su?
5. Waɗanne mutum biyu za mu aika su tambayo mana kasuwa, a wace rana kuma?

Muna roƙon shugabannin ƙungiyoyin manoma, zumuntar mata da matasa su karanta wannan a taronsu na gaba, su tsai da ranar zama kafin ruwan fari ya sauka. Kowane gida ya zo da littafin rubutu da biro.